Fom Ɗina Yana Isowa Fanko Daga Maigatari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mace ce, na karanta kwamfuta, ina zaune a gida a Gagarawa. Yayana direban babbar mota ne, shi ya tsaya min ƙungiyarsu ta Maigatari ta ba ni aikin shafin intanet, inda ɗan kasuwa zai cike fom ya kama motar da za ta ɗaukar masa shanu ko hatsi. Na gwada a wayata, na gwada a Gumel, lafiya lau, suna da lamba da irin kaya duk suna isowa PHP ɗina, wato manhajar da ke karɓar bayanan. Amma ranar kasuwa sai wasu su cike su tura, a wajena babu komai, fanko. Wani Alhaji ya kwana da shanunsa yana jiran motar da ba ta san da shi ba.

Yaya ya dawo ya yi ta faɗa, wai na zubar masa da mutunci a tasha, tun ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Na sake duba sunayen akwatunan fom ɗin, na tabbatar da POST, hanyar aika bayanan fom, nake turawa, wallahi ban ga kuskure ba. Da na gaji na hau mota na je kasuwar da kaina, na tsaya ina kallon masu cikewa. Ashe duk waɗanda nasu yake ɓacewa layin Nijar ne a wayarsu, da yake garin a bakin iyaka yake. Ina zargin saba, wato na'urar da shafin yake zaune a kanta, ita ce take tare su da shafin tantancewa, bayanan su zube a hanya. Na yi wa kamfanin sabar magana, shiru.

Abin da ya fi ci min rai, ba ni da wanda zan faɗa wa. Umma addu'a kawai take min, ƙawayena da na fara bayani sai su canja hira. Kaɗaici ya ishe ni.

Shugaban ƙungiya ya ce in Alhamis, ranar kasuwa, ta zo bai gyaru ba wani ɗan Kano zai ba. Shin in canja saba, ko akwai inda ake buɗe wa layin Nijar hanya? Ko in je in ce masa na kasa? Wanda ya sani ya taimaka, ina so in iya haɗa ido da yayana.