Na San Katakon Ƙofofinsu, Ban San Yara Nawa Ne a Aji Ba

Anti, don Allah ki fitar da ni daga wani ruɗani da na jefa kaina a ciki. Ban saba kai kukana wurin kowa ba, ni ake kawo wa kuka, amma wannan karon na auna na sake aunawa, abin ya ƙi zama daidai.

Ni kafinta ne. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, halin gida ne ya sa. Da zarto ɗaya da guduma na fara a gindin wata bishiya. Yau shagona ƙofa uku ne, mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashina, kuma ba a taɓa dawo mini da kujera an ce ta karye ba. Ba cika baki nake ba, so nake ki san wanda ke miki magana.

Autata za ta gama firamare bana, shekararta goma sha biyu. Yayyenta na kiranta Malama Shiru, don in tana ɗaki sai ka waiga za ka san da mutum. Karatu kuwa ba a magana. Yayyen nata biyu wata 'yar ƙaramar makarantar sakandare da ke bayan layinmu suka yi, inda maigadi ya san kowane yaro da sunan ubansa. Ita kam na ce sai babbar makarantar nan ta ƙarshen gari, wadda aka ce ɗalibanta sun kusa dubu biyu, kuma kowane irin yaro suna ɗauka, mai son likitanci da mai son sana'ar hannu.

Asabar ɗin da ta wuce suka buɗe ƙofa iyaye su zo su gani. Uwarta na fama da ciwon ƙafa, sai muka tafi mu biyu. Tun a bakin ƙofa aka miƙo mana wani ɗan littafi mai hotuna, bayansa da taswira. Anti, ashe makaranta na iya girman da sai da taswira? Benaye huɗu ne, kowanne da launin fentinsa: na kimiyya, na kasuwanci, na harsuna da zane, sai na fasaha da sana'a. Ga ɗakin karatu, ga ɗakin kwamfuta, ga filin wasa da sai ka kare ido da hannu za ka hango ƙarshensa. Makarantar da na yi, aji shida ne a jere da rijiya ɗaya.

Aka tara mu a zauren taro, shugabar makarantar na jawabi, sai na ji kujerar da nake kai tana rawa. To ni ina da wata ɗabi'a ta shekara talatin: kujera ko tebur, sai na kifa na duba ƙarƙashi, don a nan ake gane mai aiki, wurin da mai saye ba ya leƙawa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe na kifa ta ba. Shugabar ta dakata ta tambaya ta lasifika ko lafiya. Na ce lafiya lau ranki ya daɗe, ƙafar baya ce aka buga wa ƙusa maimakon a huda a shigar da ita. Zaure ya ɗauki dariya, ni ma na dara. Auta ba ta yi dariya ba, kanta na ƙasa.

Daga nan aka raba mu rukuni-rukuni, kowanne da malami a gaba yana nuna wurare. A ɗakin gwaje-gwaje malamin kimiyya ya ɗora ɓawon albasa a wata na'ura mai ƙara girman abu, ya ce duk mai so ya leƙa. Iyaye suka tsaya suna kallon juna, ni na leƙa. Anti, ɗakuna na gani a jere kamar ginin bulo, kowanne da ɗigo a tsakiya. Shekara hamsin ina cin albasa ban san da gini a cikinta ba. Na tambaye shi ko katako ma haka yake, ya ce har ya fi. Na tambaye shi me ke riƙe ɗakunan, da abin da ke sa wani katako tauri wani taushi, da ko shi ya sa ɗanye ke lanƙwashewa in ya bushe. Sai da wata mata a bayana ta yi gyaran murya sau biyu na matsa.

A sashen sana'a ne aka gama da ni. Akwai injin da za ka zana abu a kwamfuta ya yanka maka shi a katako ba kuskure. Malamin wurin ya nuna mini wani ɗan akwati da wata yarinya 'yar shekara sha huɗu ta haɗa, babu ƙusa ko ɗaya, haƙora ne suka shiga juna. Na juya shi na duba ƙasansa, tsaf. Muka shiga hira ni da shi kamar mun shekara da sanin juna. Ko da na ɗaga kai, rukuninmu ya tafi, Auta ma ba ta wurin.

Na ɗauka ta bi su. Na cim musu a filin wasa, babu ita. Na fi rabin sa'a ina hawa bene ina sauka, duk barandar iri ɗaya. A ƙarshe na same ta zaune a matattakalar hawa na uku na benen harsuna, ɗan littafin nan a cinyarta, ta buɗe taswira tana bi da yatsa. Mutane na wucewa ta gabanta, har da manyan ɗalibai da aka rataya wa alama musamman don nuna wa baƙi hanya. Ba ta tsayar da ko ɗaya ba. Na ce me ya hana ki tambaya? Ta ce, “Baba, ban so a ce ban sani ba.”

Da muka dawo gida uwarta ta zaunar da ni. Yara nawa ne a aji? Wa ke kula da sababbin shiga? In yarinya ba ta da lafiya ina ake kai ta? Ƙarfe nawa ake tashi, kuma da wa za ta dawo? Ko ɗaya ban sani ba. Na ce mata dai ƙofofin ajujuwansu katako ne na gaske, ba irin mai rami a ciki ba. Ta ce to madalla, sai mu je a yi wa ƙofofin rajista. Ta kuma tambaye ni wai tsakanina da Auta wa za a ɗinka wa kayan makaranta.

Akwai abu biyu da ban gaya mata ba. Bayan jawabi an ba da damar tambaya, kuma akwai kalmomi a littafin nan da ban gane ba, irin yadda ake zaɓen darussa in an kai aji uku, da wani muƙami wai shugaban shekara. Na ga iyaye masu tabarau suna miƙewa suna tambaya da manyan kalmomi, sai na kama bakina kada aji ukuna ya fito fili. Na biyu kuma, ranar Talata na koma ni kaɗai da kayan aiki, wai na zo gyara musu kujera. Na gyara ta kam. Amma da ɗan siririn katako a aljihuna na je, kuma sai da malamin kimiyya ya ɗora mini shi a na'urar nan na gani da idona. Na dawo shago ina ta kallon katakon da nake yanka kamar yau na fara ganinsa.

To Anti, ga tambayata. Ta yaya ake gane makaranta mai kyau, tunda ba a kifa ta? Irin wannan babbar makaranta, haɗiye yaro mai shiru take yi, ko buɗe shi? Uwarta ta fi son ta bayan layi. Ita Auta in na tambaye ta sai ta ce duk yadda na ce. Saura kwana goma a rufe karɓar fom, kuma na rasa gane ko ita nake zaɓa wa makarantar ko kaina.

Kafinta mai shago ƙofa uku

*

Malam Kafinta,

Na yi dariya a wurin kujera, amma da na iso matattakala na daina. Bari mu tafi kai tsaye, tunda kwana goma ba yawa.

Uwar Auta na da gaskiya, kai ma kana da taka. Babbar makaranta na da abin da ƙarama ba za ta iya bayarwa ba: malami na musamman ga kowane fanni, kayan aiki, da hanyoyi da yawa ga yaron da bai riga ya san inda baiwarsa take ba. Haɗarinta shi ne wanda uwarta ta hango. Yaro mai ƙiriniya kowa ya san shi, mai zuwa na ɗaya ma haka; wanda ba ya damun kowa shi ake mantawa. Sai dai kada ku ɗauka ƙaramar ta tsira daga wannan. Maigadi zai iya sanin sunan uban yarinya, ita kuma ta shekara shida ba wanda ya taɓa jin ra'ayinta a aji.

Ranar da kuka je, makarantar ta yi kwalliya ne don baƙi. Ku koma ranar karatu, kai da Auta, da uwarta in ƙafa ta yi sauƙi. Ku nemi izini ku tsaya a baranda lokacin da ake sauya darasi, da lokacin hutun tara. Ka duba ko malamai na kiran yara da sunansu in sun haɗu a hanya, ka duba yaran da ke zaune su kaɗai, ko akwai babba da ke kula da su. Sannan ku nemi ganin shugaban shekarar nan. A yawancin manyan makarantu shi ne malamin da aka ɗora wa dukkan yaran da suka shigo tare, kuma a ƙarƙashinsa kowane aji na da malaminsa. Ku yi masa tambayoyin uwar Auta duka, ku ƙara da wannan: in yarinya ta yi sati tana cin abinci ita kaɗai, wa zai fara lura, kuma me zai yi? In ya ba ku amsa da sunan mutum da abin da aka saba yi, alama ce mai kyau. In ya koma yi muku bayanin gine-gine, ku yi hattara. Washegari ku kai wa ta bayan layi tambayoyin nan ba ragi, don a yi adalci.

Auta kuwa, daina tambayarta wacce take so, nauyin ya fi ƙarfinta, kuma ta ga yadda idonka ke haske in ana maganar babbar. Bari uwarta ta ja ta da hira suna wani aiki: me ta gani, me ya burge ta, me ya ba ta tsoro. Ka lura ba kuka ka same ta tana yi ba, taswira take bi. Yarinyar ba raguwa ba ce, tambaya ce ke mata nauyi.

Ƙishin saninka ba abin ɓoyewa ba ne. Ka gaya wa maiɗakinka zancen Talata da bakinka, za ta yi maka tsiya ta kwana biyu ta bari. Ka tambaya ko akwai ajin manya a makarantar ko a kusa. In ka samu naka wurin, za ka fi ganin na Auta da ido mai kyau.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya. Kai da 'yarka abu ɗaya kuka yi ranar: ita ta zauna a matattakala, kai ka kama bakinka a zaure, kuma dalilinku ɗaya. A gida ta ga uban da ake kawo wa tambaya, ba ta taɓa ganin ya ce bai sani ba sai a kan albasa. Don haka in kun shiga ofishin malamin nan, ka buɗe littafin a shafin zaɓen darussa, Auta na tsaye a gefenka, ka ce masa, “Malam, ni a aji uku na tsaya, ban gane wannan ba, yi mini bayani.” Ba abin da zai ragu a jikinka. Ita kuma za ta ga an amsa maka da mutunci. Yarinyar da ta iya wannan, ko wacce makaranta kuka zaɓa ba za ta ɓace a cikinta ba. Wadda ba ta iya ba, ko aji shida ne a jere za ta iya ɓacewa.

Allah ya ba uwar Auta lafiya, ya yi muku zaɓin da za ku yi farin ciki da shi, ya kuma buɗe bakin Malama Shiru a inda ya dace.

Anti