Surukina da Ƙwanƙwasa Ƙofofin Maƙwabta

Anti, ki taimake ni da shawara, dariya nake yi amma hankalina ba a kwance yake ba.

Bayan rasuwar Inna, mahaifiyar mijina, muka ɗauko surukina daga ƙauye ya dawo wurinmu, gidan haya mai bene. Baba bai iya kwana kusa da mutum bai gaishe shi ba. Gari na wayewa zai bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar an tashi lafiya. Ran nan malamin asibitin da ke samanmu, ya dawo daga aikin dare barci ya fara daɗi, ya leƙo ya jefe shi da kalmar Turanci, boor. Baba ya riƙe ta gam, ya matsa sai na fassara. Na duba, na gaya masa gaskiya: yanzu mara ladabi take nufi, amma asalinta manomi ne kawai, kuma danginta ce a wutsiyar neighbour, wato maƙwabci.

Wayyo Anti, kin ga murna? Wai ashe Turawa ma sun san ba a maƙwabtaka sai da manomi. Zancen rashin ladabin ko a jikinsa. Ya cika matakala da tsoffin bokitai ya shuka tumatir, gaisuwa kuma ta ƙaru. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna na da rai, wallahi har hawaye na yi.

To ga mai gidan hayar ya aiko, a daina ko mu tashi. Mijina ya ce a mai da Baba ƙauye. Ni kuma kunya ba za ta bar ni in hana shi ba. Yaya zan yi?

Surukar Manomi

Ƴar'uwa, kin sa ni dariya, Allah ya saka miki da alheri da kika riƙe tsohon nan da daraja.

Malamin asibitin yana da gaskiya a kan barcinsa, ko da yake bakinsa ya yi kaifi. Baba ma yana da tasa, gaisuwa ba laifi ba ce. Lokacin ne bai dace ba.

Hana Baba ba aikinki ba ne. Ɗansa ya zaunar da shi ya ce masa mutumin nan marasa lafiya yake kwana dubawa. Manomi ya san gajiya, zai gane. Gaisuwa ta koma yamma, a bakin ƙofar gida, a ajiye masa kujera. Bokitai su koma bayan gida, sannan mijinki ya je ya ba mai gida haƙuri.

Zancen ƙauye kuwa, ki tambayi mijinki wa zai ƙwanƙwasa wa Baba ƙofa a can idan bai tashi lafiya ba.

Allah ya bar ku tare.