Wanda Ke Tsaye a Bayana a Zauren Motsa Jiki

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shugabar gidan tsofaffi ta zaɓe mu mu biyu, ni da abokiyar aikina Doguwa, a koya mana jagorantar motsa jiki. Wadda ta ci jarrabawa za a bar mata zauren da aikin safe. Ni aikin safen nake so, don in riƙa komawa gida da wuri wajen Inna, da ƙafarta ta fara gardama.

Malamar da aka kawo ƙarama ce, muryarta kamar ta mai rarrashin jariri. Ta ce abu na farko, kar ki taɓa juya musu baya. Ki kalli fuska, ki saurari numfashi. Wanda leɓensa ya canza launi, a tsaya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Juya kafaɗa, ɗaga diddige, tashi daga kujera a koma. Na ɗauka wasa ne. Cinyoyina kamar an daka su a turmi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau na fara jagoranta, Malama ta tafi wani gidan. Na jera kujeru zagaye, na matsar da tabarmar bakin ƙofa kar ta kama ƙafar wani. Baba Tela, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ce ashe yau za a mayar da tsohon keke sabo. Aka yi dariya.

Sai dai ba ni suke kallo ba. Idonsu na wuce kafaɗata ta hagu, can wajen bango. Na juya, duk da an hana. Bango ne da ƙusa ɗaya.

In na ce a ɗaga hannu, sai su jira. Su jira, su jira, sannan su ɗaga gaba ɗaya, ba mai riga wani.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na ce mun gama, a huta. Ba su huta ba. Suka fara wani motsi da ba ya cikin abin da aka koya mana: tafin hannu biyu a buɗe, a miƙa gaba a hankali, a jawo zuwa ƙirji. Har Iya Mai Sanda, wadda ba ta ji sai an yi ihu a kunnenta. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Na tambayi Baba Tela wa ya koya musu.

Ya ce, "Ai shi yake yi, 'yata, mu bi."

Na ce wa?

"Na bayanki mana. Kina ɗan tare mana shi, amma ba komai."

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na faɗa wa Doguwa. Ta ce tsufa ne, kwanan baya ma Baba Tela ya auna wuyanta da igiyar labule zai ɗinka mata riga. Ta ce su a nata zaman, barci kawai suke yi.

Na tambayi mai shara ko an taɓa samun mai jagorantar motsa jiki a gidan kafin mu. Ta ce zauren nan ɗakin ajiye katifu ne tun da ta zo.

Talata, 18 ga Fabrairu

Malama ta leƙo. Ta ja ni gefe, ta ce ba sa bin muryata, kuma wadda ba a bin ta, ba za ta iya tsayar da su in wani ya fara jiri ba. Gaskiya ta faɗa. Na ƙara ɗaga murya, na tafa hannu, na kira su ɗaya bayan ɗaya. Suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa yaro mai surutu a gaban baƙo.

Alhamis, 20 ga Fabrairu



Ana cikin ɗaga diddige Iya Mai Sanda ta miƙe. Sandar na ƙasa. Tun da na fara aiki a gidan nan ban taɓa ganin ta tsaye ba sai da mutum a gefe. Ta miƙa hannun dama, yatsun a lanƙwashe kamar sun kama na wani, ta fara takowa tsakiyar zagaye. Jikinta ya karkata gefe, irin karkatar wanda ya jingina da mutum.

Na ruga zan tare ta. Ta ce, a hankali, "Kar ki shiga tsakaninmu, jikata."

In ta faɗi, ƙugunta ya tafi ke nan, ni ma aikina ya tafi. Na tsaya da hannuwa a buɗe ina bin ta. Ta zaga, ta koma, ta zauna, ta ce wa iska sannu da ƙoƙari.

Da na miƙa mata sandar na taɓa tafinta. Na dama da ɗumi, har da gumi. Na hagu sanyi ƙalau.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Iya ta rasu jiya da hantsi, a kujerarta, rana na dukan ƙafafunta. Allah ya jiƙan ta.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na cire kujerarta daga zagayen. Amma yau idonsu ya rabu, wasu ta hagu, wasu ta dama. Baba Tela ya yi murmushi wajen kafaɗata ta dama, ya ce, "Ji yadda bayanta ya miƙe."

Ban juya ba. Haka na ƙarasa zaman. A gida Inna ta ce me ya sa nake zama da baya manne da bango.

Talata, 4 ga Maris

Jarrabawa. Malama ta zauna bakin ƙofa.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na daina tafi, na daina kira. Na kalli idonsu kawai. Da na ga kafaɗun sun fara motsi sai in ce a ɗaga, da na ga sun sassauta sai in ce a sauke. Daga waje kamar ni suke bi.

Malama ta ce ba ta taɓa ganin sabuwar shiga mai irin wannan natsuwa ba. Ta tambaya wa ya koya mini jira haka. Na ce tsofaffin.

An ba ni zauren. Doguwa ta taya ni murna, ta ce ita da ma wurin sanyi yake mata yawa.

Litinin, 10 ga Maris

Gwiwata ta ɗan yi ciwo, shi ya sa na jawo kujera na zauna a cikinsu. Dalilin ke nan, ba wani ba. Baba Tela ya matsa mini wuri, ya ce yanzu kowa na gani sosai.

Daga zaune zauren ya fi faɗi. Na kalli inda na saba tsayawa.

Ba zan ce na ga wani abu ba. Ban ma ce a fara ba. Amma mun ɗaga hannu tare, kuma ban makara ba.