Sunan Ɗiyar Fari

Litinin, 8 ga Mayu, 2000
Wagga ɗiya ta samu aikin ungozoma a Dauran, can wajen Zurmi, ran Lahadi za ta tafi. Ina tankaɗe na ji tana ce ma ƙanwarta, "Shekara ashirin da biyu, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko sona take, oho." Rariyar ta kusa suɓuce mani. Ɗiyar fari ce, ya zan yi? Haka uwata ta yi ma Yaya Jatau har ta koma ga Allah.

Talata, 9 ga Mayu
Darasin ƙwaƙwalwa da 'yan aji uku. Na ce masu hannu kan janye daga wuta tun mutum bai yi tunani ba, kuma ƙwaƙwalwa na gudun abin kunya kamar yadda take gudun wutar. Malama sarkin bayani! Na dawo gida, na rufe ɗaki, na gwada sunan. Wallahi ya ƙi fita. Ba kowa fa, ni da randa.

Alhamis, 11 ga Mayu
Kasuwar Shinkafi, na sawo ma ɗiyar bokiti da zannuwa biyu. Tun zuwan Shari'a motar mata daban. Wani tsoho ya sa ƙafa cikin tamu bisa kuskure, ya yi tsalle baya yana salati, alhali ba ɗan agaji ko guda a wurin. Muka yi ta dariya. Daga baya tawa ta tsaya. Shi wata huɗu suka koya mashi tsoron, ni tun ina goye.

Juma'a, 12 ga Mayu
Na taɓa ma Gwaggo Yalwa zancen. Ta riƙe haɓa. "Rabi'atu, bokon naki ya kai nan? Mi mutane za su ce?" Na ce waɗanne mutane? Ta rasa wanda za ta ambata. Ni ma haka, amma tsoronsu nake ji.

Asabar, 13 ga Mayu
Na yi ma ɗiyar dambun nama. Ta ce an gode, ba ta dube ni ba. Ya yi mani ciwo.

Lahadi, 14 ga Mayu
Tashar Kaura, motar Zurmi. Ta shiga, aka rufe, direba ya tada. Sai ga ƙunshin dambun a hannuna. Na ce "Ke!" Mata shida suka waiwayo, ban da ita. Motar ta fara tafiya. To, na dai kira sunan. Dambu ne ba na so ya lalace, shi ke nan.

Ta leƙo ta taga, ta kama ƙunshin har da hannuna, tana kuka kamar wadda aka mara. Gwaggo na gefena, ta yi kamar tana gyaran lulluɓi. Muka koma gida. Ba wanda ya ce komai.

Rashida ta aiko direba ya ce ta sauka lafiya.