Sunana Yana Da Mai Shi

Ni Sparr Gölin Matsdotter, ta gidan gonar Sparr a yankin Dalarna, nake wannan rubutu a kakar 1871. Ƙafafu sun ƙi ni, numfashi ma sai na lallaɓa shi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce gigin tsufa ne. Halvar da Barbro, 'ya'yana, ku karanta tare a tebur ɗaya.

Na ɗaya. Gona da doki na Halvar ne. Barbro, shanu uku da masaƙata naki ne. Kuma ki zauna a sunanki na Jönsdotter, wato 'yar Jöns. Na ji wai matan birni sun fara yar da sunan uba suna ɗaukar na miji. Mahaifinki Jöns bai yi miki laifin komai ba.

Na biyu. Matar Halvar na da ciki, ke ma Barbro haka, kuma wata uku kuna gaba kan wa zai sa wa 'yarsa Gölin idan na mutu. Kai, ba ku da kunya! Ina kwance ina jin ku ta bango, kuna rabon sunana ina da sauran numfashi. To, kowa ya huta. Sunan ba na ɗayanku ba ne, yana da mai shi.

Na uku. Kun taso kuna jin ƙauye na ce mini Gölin Mai Waige. Yara kan bi ni suna cewa, "Iya, me kika yar a baya?" Ban taɓa tanka musu ba. Ga abin da na yar.

Kafin a haife ku, ina rugar kan dutse da shanu ni kaɗai, naƙuda ta zo mini da sauran wata guda. Mace ce, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Na san ba za ta kai coci ba, na kuma san ko ni zan iya yi mata baftisma tunda abin ya zo da gaggawa. Na ɗebo ruwa a akushi. Sai na tsaya neman suna. Elin, sunan mahaifiyata? Tana raye, kuma an ce in ka ba jariri sunan mai rai ka gutsure masa kwana. Malin, surukata? Ita ma tana raye. Ina ta lissafin wa ya mutu wa ya saura, ruwa a hannuna, har kukan ya tsaya.

An binne ta a bayan katangar coci ta arewa, inda ake sa marasa suna. Jöns ya ce, "Ki manta, Gölin, Allah ya san nasa." Shi ya iya. Ni shekara arba'in da ɗaya ina jin ta a bayana, da rana tsaka, ina tatsa ko ina shanya. Ba ta kiran Inna. Kuka kawai take, irin na wanda yake jira a kira shi. Ina tsoronta, ina kuma ƙaunarta, kuma na gaji.

Na huɗu. Ranar da na cika, sunana ya zama na matacciya, ba wanda zai cutu da shi. Kafin ku wanke ni, ku je bayan katangar, gindin dutsen da na jingina da katangar, inda take kwance. Ku tsaya kafaɗa da kafaɗa, ku kira Gölin Jönsdotter sau uku da ƙarfi. In fasto ya yi faɗa, ku ce ni na sa ku. Kada ku bari a sa ni a ƙasa tana nan ba suna, don ban san da wane ido zan dube ta ba.

Allah ya yi muku albarka, ya sauki masu cikin lafiya. In jariri ya zo da rauni, ku zuba ruwan da duk sunan da ya fara zuwa bakinku. Ku riƙe juna, ku ci a akushi ɗaya ko da burodin ɓawon itace ne. Kuma daga yau, in an tambaye ku ku nawa uwarku ta haifa, ku ce uku.