Oba-oba a Hannuna, Maigida a Sama

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka? Ya Anti Rabi da yara?

Ni kam hankalina a tashe yake. Maigidana ya koyi tashi sama da lema, inji goye a bayansa. Ran Asabar ya ba ni oba-oba, rediyon hannu, in riƙa yi masa magana daga ƙasa. Na ga ya nufi wayoyin lantarki, na yi ta ihu, ƙarar injin ta hana shi ji. Da ƙyar ya tsallake, ya sauko yana dariya!

Don Allah ka aiko da hular kwano mai rediyo a kunne. Na kasa hana shi tashi, aƙalla in na yi ihu ya ji ni.

A sa mu a addu'a. Gai da Inna.

Ƙanwarka Hauwa, Jalingo