Farin Yadin Inna Rabi

Laraba da dare, Banikanni

Yau na yi sallar isha'i a tsaye, karon farko tun da aka cire mini maɗaciya. Kafaɗata tana ɗan ciwo, amma likita ya ce iskar da suka hura mini a ciki ce, za ta wuce.

Inna Rabi, ƙanwar Mama, ta iso daga Djougou da la'asar. Labarin da ya kai mata kawai shi ne an shiga da ni aiki. Ta tarar da ni a tsakar gida ina tsince wake, ta tsaya turus.

A ɗaki ta sa na ɗaga riga. Ta duba 'yan ramukan nan, ta ce, "'Yata, ina aikin? Anya ba ruɗinki suka yi ba?" Na ce da 'yar kyamara suka leƙa, suka zaro abin ta cibiya. Ta sauke mini rigar a hankali. Na san Mama take tunawa, da aka tsaga mata ciki ba ta dawo gida ba.

Tana fito da tsarabar doya da goro, sai farin yadi sabo ya faɗo daga jakarta. Na gane likkafani ne, ita ma ta san na gane. Na so in ji haushi, amma na kasa.

Ta ɗauka ta kakkaɓe. "Na san matacin kokonki ya tsufa," in ji ta. "Miƙo almakashi."

Alhamdu lillahi. Gobe da safe da shi za mu tace koko.